Ganin Gidan Durga

Longsight, Manchester
2 ga Oktoba

Yaya Khairat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Abban Inaya da ita Inayar, da aikin asibiti. Ya sanyin Birmingham? Namu ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Na san za ki yi dariya in kika ga ambulan. Duk lokacin da na kira, ko kina bakin aiki ko kina ramuwar barci. Kuma abin da ke raina ba ya faɗuwa a waya, bangon gidan nan kamar takarda yake, in na yi tari sai maƙwabta su ce sannu. A littattafan da nake karantawa, in abu ya ishi mace biro take ɗauka. To ni ma na ɗauka.

Yaya, gidana ya yi shiru. Tun da muka baro jaririnmu Zayd a maƙabarta a watan Maris, bai ko buɗe ido ya ga ɗayanmu ba, maigidan bai ƙara kallona ido cikin ido ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, cefane ba ya yankewa. Ya fita da van ɗinsa da sassafe yana kwasar wa mutane kayan ƙaura, ya dawo ya ci abinci yana kallon waya. In na yi magana ya ce "to". Da zai daka mini tsawa ma da na ji sanyi. Na tuna masa alkawarin ganin gida, tunda tun da aka kawo ni shekara uku ke nan ban sa Umma a ido ba, ya ce a bari a sabunta biza tukuna. Tsorona ɗaya ne, kada auren nan ya mutu a tsaye muna zaune a cikinsa.

Mutum ɗaya ke buga mini ƙofa a layin nan, Mama Shibani, tsohuwar da gidanta ke manne da namu. 'Yar Hindu ce daga Kolkata ta Indiya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta yana Kanada. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ba goyo, ita ce ta shigo da tukunyar shinkafa da wake irin nasu, ta zauna a bakin gado har na ci. "Ma" take ce mini. Su wai haka suke kiran 'ya'yansu mata, kamar yadda Umma take ce wa Inaya "Uwata".

Bikinsu ya matso, na abar bautarsu da suke kira Durga. Ciwon gaɓɓai ya sandarar mata da yatsu, sai ta roƙe ni in ɗinke bakin labulayen da za a ƙawata hol ɗin da suka kama. Ina ɗinki tana ba ni labari. Kin san me bikin yake nufi? Ganin gida! Wai Durga 'yar sarkin duwatsu ce, aka aurar da ita ga wani mai zaman kaɗaici a kan dutsen ƙanƙara, ba ya magana, sai rufe ido da shafa toka a jiki. Uwarta ta yi ta kuka shekara guda, sai da kaka a bar ta ta zo gida da 'ya'yanta, ta yi 'yan kwanaki, a yi mata girki da kiɗa, sannan a raka ta da hawaye ta koma. Na ajiye allura na ce, "Mama, ashe har abin bautarku auren nesa yake yi?" Ta yi dariya har da share ido, ta ce, "'Ya mace ce ai, Ma."

Astagfirullah, ban ce na yarda da komai ba. Amma na kwana ina tunanin mai tokar nan.

Suna neman mai mota da zai ɗauko musu akwatuna daga sito ya kai hol, in an gama ya mayar. Na ba su lambar maigidan. Shi kuma na ce masa kayan biki ne. Ai ba ƙarya na yi ba.

Ki gaida kowa da kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Mubaraka


Small Heath, Birmingham
6 ga Oktoba

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, Inaya ta ce a gaida Anti mai littattafai. Wasiƙarki ta zo tare da ta council, hukumar gari, na fara buɗe taki don ta fi ƙamshi. Wa ya ce ki fesa wa takarda turare? Allah ya shirye ki.

A lokacin break nake rubutawa, don haka ba kwana-kwana. Mijinki Yusha'u ba wani mai toka ba ne a kan dutse. Mutum ne da ya sa ɗansa a rami da hannunsa, cikin ruwan sama, a ƙasar da ba tasa ba. Mazanmu ba a koya musu kuka ba, shiru suke yi. Ki daina auna shi da samarin littattafanki masu magana kamar waƙa. Kuma ki je wajen GP, likitan unguwarku, ki ce ba kya barci, tun da azumi nake gaya miki.

Tsohuwar nan ta yi miki halacci, maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba ya salla. Rabin abokan aikina a asibiti 'yan Indiya ne, na sha cin alewar bikinsu, ga ni nan garau. Ɗinka labule ba laifi ba ne. Amma ki tsaya a labule. Kada ƙafarki ta taka hol ɗin nan.

Wanda ya fi duka: ki gaya wa mijinki abin da ke cikin akwatunan, yau ɗin nan. "Ai ba ƙarya na yi ba." Ji ki! Mutumin da yake jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, ki sa shi dakon gunki bai sani ba? Kuma da wa yake aiki? Da Lawal, wanda in ya ga abu da hantsi, kafin azahar an ji a Leeds.

In kin samu dama ki hau jirgin ƙasa ki zo weekend, mu yi tuwo mu kira Umma.

Yayarki,
Khairat


Longsight
11 ga Oktoba

Yaya Khairat,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta na ji kunya. Sai dai ta iso a makare.

Maigidan ya riga ya kai akwatunan. A ƙulle suke, shi da Lawal suka sauke a ƙofar hol suka tafi. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Mutanen nan naki suna da kirki, har shayi suka ba mu. Na gode." Yaya, ya yi murmushi. Rabona da murmushinsa tun Maris. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga kamar zan hure kyandir ne da kaina. Na ce bari a gama bikin.

Kuma na je hol ɗin. Don Allah kada ki yi fushi. Labule ɗaya ne ya yi gajere, Mama ta ce in zo in auna da idona.

Hol ɗin na wata makaranta ne can wajen Fallowfield, har ragar ƙwallo tana rataye a sama. Hayaƙin ɓawon kwakwa da turare ya cika ko'ina, wani dattijo yana bin masu hayaƙin yana roƙo su rage kada ƙararrawar gobara ta tashi. Ga manyan ganguna, ga shinkafa a tukwane kamar gidan suna. Ina tsaye a bakin ƙofa sai matan suka rangaɗa guɗa. Guɗa, Yaya! Sak irin ta Gwaggo Habibatu ranar da aka kai ni. Ban san lokacin da na shiga ba.

Durga tana kan dandamali. Hannu goma, kowanne da makami, ƙafarta a kan zaki, mashinta a ƙirjin wani ƙato da ke fitowa daga cikin gawar ɓauna. Mama ta ce wannan ƙaton ya roƙi kada namiji ya iya kashe shi, ko mutum ko abin bauta, aka ba shi. Mace kuwa bai ko ambace ta ba, don raini. Da ya addabi sama da ƙasa, sai allolin nasu suka haɗa fushinsu ya zama mace, kowa ya miƙa mata makaminsa. Na ce to me ya sa fuskarta ba fushi? Don wallahi a kwance take, kamar ta mai tsintar shinkafa. Ta ce, "Mai hannu goma ba ta buƙatar ɗaure fuska." Na kalli nawa biyun. Sun kasa riƙe ɗa guda.

'Ya'yanta huɗu suna jere a gefenta, har da wani mai kan giwa da tumbi. Na daɗe ina kallonsu. Ita da nata duka ta zo gida.

A ƙasarsu wai da laka ake gina ta, ranar ƙarshe a sa ta a kogi ta narke, ta nan take komawa gidan miji. A nan council ba ta yarda ba, don haka wannan ta roba ce mai tauri, ita ake fitowa da ita duk shekara. Madubi suke sawa a kwanon ruwa, su hango fuskarta a ciki, shi ke nan wai ta tafi. Na ce, "To ita kuma ina za ta?" Mama ta ce, "Sito, bayan Stockport Road, kusa da mai sayar da tayoyi." Har na dawo gida ina tunanin siton nan.

Lahadi ce ranar rakiya, ta matan aure ce zalla. Mama ba ta shiga tun da mijinta ya rasu. Ita ke girki, amma in an fara sai ta koma bakin kicin ta tsaya ita kaɗai. Ta ce in zo in taya ta tsayuwa. Yaya zan ce a'a ga wadda ta zauna a bakin gadona? Kafin la'asar sun gama, maigidan kuwa sai bayan magariba zai zo ɗaukar kaya. Ba za mu haɗu ba.

Ki shafa mini kan Inaya. Na bar ki lafiya.

Taki,
Mubaraka


Longsight
16 ga Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ƙila ma labarin ya riga wasiƙar zuwa.

Na je. Matan sun sa fararen kaya masu jan baki. Ɗaya bayan ɗaya suke hawa wajen Durga, su goge mata fuska da ganye wai share mata hawaye ne, su ɗora mata alewa a leɓe, su raɗa mata a kunne, "Ki dawo baɗi." Wasu da gaske suke kuka. Daga nan suka ɗauki wani jan gari suna shafa wa juna a goshi da kumatu, suna guje-guje suna shewa kamar ranar kamu.

Muna tsaye ni da Mama a bakin kicin sai wata yarinya ta zo da faranti, ta ce ina da aure? Na ce e. Mama ta tare ta da hannu ta ce, "Bar ta, Musulma ce." Sai na tambaya me jan yake nufi. Yarinyar ta ce, "Don miji ya daɗe, aure ya daɗe."

Ke kaɗai zan iya gaya wa wannan. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na matsa gaba na miƙa goshi. Na ce wa kaina wasan mata ne, da lalle da wannan duk ɗaya. Amma can ƙasan zuciyata na san abin da ya tura ni. Na gaji da "to", Yaya, har na kai in an ce toka za ta gyara mini aure zan shafa. Ban daina istigfari ba tun ranar.

Sauran suka yo kaina suna dariya, suka shafe mini kumatu, har farin hijabina. Ni ma na fashe da dariya, irin wadda na manta ina da ita. Ina cikinta aka turo ƙofa. Ashe an fasa wani aikin su maigidan a Moss Side, suka zo da wuri.

Ya tsaya riƙe da keken tura kaya. Ya kalli dandamalin, ya kalli akwatunan da ya ɗauko a buɗe a gefe, sannan ya kalle ni. Wata bakwai ina roƙon ya kalle ni. Lawal ya ce, "Innalillahi! Malam Yusha'u, ba Hajiya ce waccan ba?" Can kuma ya ce, "Ashe abin da muka yi dako ke nan? Ni da nake cewa a bi a hankali kada a fasa firjin mutane!"

Maigidan ya ajiye keken. Ya fita ya tsaya cikin yayyafi har suka gama. Ina kallo aka zare wa Durga makaman ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe fuskar da leda, aka kwantar da ita a akwati. Na zaci zai tafi ya bar musu kayansu. Ya ce ya riga ya yi alkawari. Da kansa ya kama akwatin ya sa a mota. Lawal ya ce shi bas zai hau, tun bai kai titi ba waya tana kunnensa.

Haka muka taho, ni da shi a gaba, ita a baya, duk ramin da muka faɗa sai akwatin ya buga. Ya sauke ta a sito ya ja ƙofa ya kulle. Da muka shiga gida ya ce, "Je ki wanke fuskarki." Da na fito yana zaune yana kallon tafukansa. Ya ce, "Da hannun nan na sa Zayd a ƙasa. Da shi kika sa na ɗauki wancan."

Tun daren nan ya ƙaurace wa ɗaki. A falo yake kwana, ya daina zuwa masallacin unguwa, sai can Moss Side inda ba a san shi sosai ba. Jan ya fita daga fuskata, amma ya ƙi fita daga hijabin. Mama ta buga ƙofa ban buɗe ba. Ina jin ta tana kuka ta bango.

Ki kira shi, Yaya. Yana jin nauyinki.

Mubaraka


Manchester
24 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Khairat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan iyali suna lafiya.

Na ga kiranki. Ban ɗauka ba ne don ba zan iya yi miki musu ba, shi ya sa na rubuto, ko da yake ni ba gwanin rubutu ba ne.

Ban saki Mubaraka ba. Ta daɗe tana roƙon ganin gida, na saya mata tikitin Kano, daga can ƙanena zai kai ta Funtuwa wajen Umma. Maganar dawowa sai abin da Allah ya yi. Ban gaya wa Umma komai ba, ba kuma zan faɗa ba.

Ban ce ta yi shirka ba, Allah ne masanin zukata. Maganar mutane ma zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini shi ne dariyar. Tun da yaron nan ya tafi ban ji dariyarta a gidana ba, na ɗauka ta tafi tare da shi, na haƙura. Sai na je na same ta a can, a gaban wancan abu, cikin baƙi. Duk sanda na rufe ido ita nake ji.

Ki yi haƙuri da ni. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Naki,
Yusha'u


Small Heath
27 ga Oktoba

Auta,

Salam. Wayarki a kashe, dole na biyo ki ta hanyarki.

Ba zan ce na gaya miki ba, kin riga kin sani. Ki saurare ni da kyau. Kada ki hau jirgin nan. Bizarku tana ƙarewa a Janairu, kuma a kan tasa taki take. In ya sabunta kina Funtuwa bai sa sunanki ba, kin tafi ke nan. Ki haɗa jaka ɗaya ki taho Birmingham, ga ɗakin Inaya, a zauna har ƙura ta lafa.

Mijinki ya rubuto mini. Ba gunkin ne ya fi yi masa ciwo ba, ba kuma bakin Lawal ba. Dariyarki ce, da ya ji a waje bai ji a gida ba. Namijin da dariyar matarsa ta yi wa ciwo haka bai gama da ita ba. Ku biyun kun zauna a gida ɗaya kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara kuka. Ki ajiye biron nan, ki je falo ki buɗe baki ki yi masa magana.

Ki kunna waya, don Allah. Ina jiran ki.

Khairat


Filin jirgi, Manchester
2 ga Nuwamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Na gode da ɗakin Inaya, Allah ya bar zumunci.

Na je falon. Na tsaya a kansa na kira sunansa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce "to" tun ban fara ba, ya juya wa bango fuska. Kafaɗunsa suna rawa, amma bai juyo ba.

In na zo wajenki na yi yaji. In na je gida shi ya aike ni, wanda ya aika kuwa yana iya kira. Da wannan na riƙe.

Jiya na je wajen Zayd. Ciyawa ta fara rufe shi. In kin shigo Manchester ki leƙa, kada ya zauna ba kowa.

Da safen nan Mama Shibani ta tare ni a ƙofa. Ta goge mini fuska da bakin mayafinta, ta sa mini alewa a baki, ta raɗa mini a kunne, "Ki dawo baɗi, Ma." Ban gaya mata tikitin na tafiya ne kawai ba.

Da van ɗin ya kawo ni, akwatunana a baya suna bugawa. Mun bi ta Stockport Road, ta gaban mai tayoyi, na ga ƙofar siton a kulle. Ita dai an san ranar da za a zo a ɗauko ta.

Sai Allah ya sake haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki,
Mubaraka